Kilishin Baffa: littafin aikin fim ɗinmu na farko

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau aka raba mu rukuni-rukuni a ajin koyon ɗaukar fim. Mu uku ne: ni zan riƙe kyamara, wata 'yar ajinmu ta ce ita sauti take so, sai wani ɗan unguwar Baladji mai tsohuwar kwamfuta, wanda haɗa hoto ya faɗo a kansa. Malam ya gindaya sharaɗi uku: kada fim ya wuce minti 3, kada a sa kiɗa, kuma a ɗauki mutum yana aikin da hannunsa ya saba. Kyamarar aji guda ce, rukuni kuwa shida, saboda haka da waya za mu yi.

Ban yi dogon tunani ba na ce Baffana za mu ɗauka, ƙanen mahaifina, wanda yake yin kilishi tun kafin a haife ni. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin dare daga nan Ngaundare zuwa Yawunde ya san tsarabar da ake riƙewa. Tun 1974 da layin dogo ya iso garin nan, a nan ya tsaya, kuma matafiya ke sauka da tashi. Mutane sun san ɗanɗanon kilishi, amma kaɗan ne suka taɓa ganin yadda tsoka guda take komawa kamar takarda.

Darasin yau girman hoto ne. Malam da Faransanci yake faɗa, plan large, plan moyen, gros plan, mu kuwa a tsakaninmu muna cewa hoton nesa, hoton tsaka-tsaki, hoton kusa. Ya ce kowanne tambaya yake amsawa. Na nesa: ina muke? Na tsaka-tsaki: wane ne wannan, me yake yi? Na kusa: yaya yake yi, ko me yake ji? In ba ka san tambayar da kake amsawa ba, in ji shi, kada ka danna.

Talata, 14 ga Janairu

Na je gaida Baffa bayan la'asar, na durƙusa na faɗa masa buƙata. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wasan kwaikwayo za ka sa ni da furfurata?" Na ce, "A'a, Baffa, aikinku kawai za ku yi, mu ba za mu ce muku komai ba." Ya ce to, amma kada mu tsaya masa a gaban rana, kuma kada mu taɓa nama.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ɗaukar farko. Mun isa ƙarfe 10 na safe, mun tashi da azahar, mun ɗauki hoto 41. Da muka duba da daddare, waɗanda za su yi amfani ba su fi biyar ba.

Laifi na farko nawa ne, kuma ban gane shi ba sai a fuskar kwamfuta. Baffa a kan 'yar kujera yake aiki, ni kuwa a tsaye na yi ta ɗauka. Duk hoton daga sama ya sauko masa, sai ƙeyar hula da kafaɗu, ya fito ƙarami kamar yaron da ake yi wa faɗa. Mutumin da duk unguwa ke durƙusa wa. Kyamara ma ashe sai ta durƙusa, ta dawo daidai idonsa.

Na biyu, na yi ta jawo hoto da yatsu biyu maimakon in matsa da ƙafata. A wayata wannan jawowar ba komai ba ce illa yanke gefe a faɗaɗa tsakiya, shi ya sa hoton kusa duk ya fito dishi-dishi, kuma ko numfashi na yi sai ya girgiza. Na uku, rashin haƙuri. Ina ganin abu ya yi kyau sai in danna, daƙiƙa uku in sake. Mai haɗa hoto ya ce ba shi da inda zai sa almakashi. Daga yau kowane hoto sai na ƙirga goma a zuci, ko da babu abin da ke motsi.

Ga kuma hazo. Da hantsi sararin sama fari fat yake, wayar kuwa da kanta take daidaita haske: in sama ta shigo hoto sai fuskar Baffa ta yi duhu, in na sunkuyar sai ta washe. Hoto ɗaya yana ta lumshewa yana buɗewa. Maganinsa a ɗora yatsa a kan fuskar a riƙe har haske da saiti su kulle. Na san wannan a takarda tun makon jiya. A rumfar Baffa, da ƙamshin citta da mutane suna leƙe, na manta da shi.

Asabar, 25 ga Janairu

Ƙarfe 6 da rabi muka isa, sanyi na shiga ƙashi. Wannan ne lokacin. Rana tana fitowa ta gefe, ja-ja, kuma da Baffa ya ɗaga salar nama don ya duba kaurinta, haske ya ratso ta. Na zauna a ƙasa, na dafa gwiwar hannu a kan gwiwata, na riƙe numfashi.

Ban taɓa kallon hannunsa haka ba, ni da na tashi ina wucewa ta rumfar nan kullum. Tsokar cinya yake ɗauka, wadda babu kitse. Wuƙar ba sara take ba, shafa take. Hannun hagu yana juya tsokar, na dama yana bi, naman yana warwarewa kamar ana kwance rawani, har ya zama shimfiɗa ɗaya mai faɗi ba tare da ya huje ba. Ba ya ma kallon wuƙar. Yana sauraron rediyo, yana amsa gaisuwar masu wucewa, babban yatsansa ne ke gane masa kauri. Na ɗauki wannan sau uku: daga nesa da rumfar gaba ɗaya da gadajen kara da ake shanya a kai, daga tsaka-tsaki, sannan hannu zalla.

A nan muka faɗa ramin da malam ya yi ta gargaɗi a kai. Baffa yana miƙa wa yaronsa nama, yaron yana kaiwa shanya. Tsakanin su biyu akwai layi wanda ido ba ya gani, kuma dole kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin nan, cikin rabin da'ira, digiri 180. Ni kuwa da rana ta ɗaga ta fara dukan fuskar waya, sai na zagaya ɗaya gefen. Da aka jera hotunan, a na farko Baffa yana miƙawa dama, a na biyu yaron ma yana kallon dama, kamar ya juya masa baya yana karɓa daga wani. Wuƙar da ke tafiya hagu zuwa dama ta koma dama zuwa hagu, sai ka ce Baffa bahago ne. Wanda bai san komai game da fim ba ma zai ji wani abu ya karkace, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba. Mako mai zuwa zan ja layi a ƙasa da tsinke kafin in fara.

Laraba, 29 ga Janairu

Katin ajiyar da na saya a kasuwa na jabu ne. An rubuta giga 64 a jikinsa, amma da ya cika wani ɗan adadi sai abin da aka ƙara ya ƙi buɗewa. Allah Ya taimaka hotunan safiyar Asabar suna cikin wayar kanta. Yanzu duk ranar da muka yi ɗauka, kafin kowa ya kwanta sai an kwafe a wuri biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar labu. Bayan naman ya sha rana ya bushe, ana tsoma shi cikin labu: tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa da gishiri. Yawan kowanne kuwa Baffa ya ce wannan ba na kyamara ba ne, muka kauda kai har ya gama haɗi. Daga nan a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa garwashi sama-sama.

Yau 'yar ajinmu ce ta cece mu. Tun makon jiya take cewa sautin wayata ba zai yi ba, domin ina nesa kuma iskar hunturu tana busa makirfo, sai fuuu kake ji. Ta zo da waya ta biyu, ta sa mata safa mai kauri a baki, ta ajiye ta kusa da ƙwaryar labu inda hoto ba ya kaiwa. Kafin kowace ɗauka sai ta tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, don a wurin haɗi a daidaita ƙarar tafin da lokacin da tafukan suka haɗu. Da muka gama ta ce kowa ya yi shiru minti ɗaya, ta naɗi shirun wurin. Na ɗauka ɓata lokaci ne. Da na sa abin ji a kunne sai ga zakara can nesa, ga babur yana wucewa, ga garwashi yana ƙas-ƙas, ga tsintsiyar wata mata a bayan katanga. Da wannan za a cike duk wani gibi, don kada kunne ya ji an yanka.

Bayan magariba mun gwada ɗaukar gashi a cikin rumfa, ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki. Sai ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a kan hoton. Mai kwamfuta ne ya san dalili. Wutar lantarki a Kamaru tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitila irin wannan tana ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Wayoyinmu kuwa an saita su a kan hoto 30 a daƙiƙa, lissafin da ya dace da ƙasashe irin Amurka masu wuta mai juyi 60. Muka sauke manhajar ɗaukar hoto ta Open Camera, muka mai da adadin hoto 25 a daƙiƙa, muka sa buɗewar idon kyamara ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, layukan suka ɓace. Da ma da 25 muka fara tun ranar farko. Yanzu muna da hotuna iri biyu da za a haɗa a faifai ɗaya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mun fara haɗi, abin da malam ke kira montaj. Da manhajar Shotcut muke yi, don kyauta ce kuma tsohuwar kwamfutar tana iya ɗaukarta. Rabin yini ya tafi a kan abu guda: a farkon hoto sauti yana daidai da motsi, kafin ƙarshe ya zame, wuƙa ta sauka sannan ƙararta ta biyo. Ashe waya ba ta riƙe adadin hoto a daƙiƙa daram, takan rage ta ƙara yadda ta ga dama. Sai da muka juya dukkan fayilolin zuwa adadi tsayayye. Aka ɗauke wuta sau biyu muna tsaka da yi.

Jiya a aji malam ya ba mu labarin Lev Kuleshov, wani mai shirya fim na Rasha, wajen shekara 100 da suka wuce. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ba fara'a ba fushi, ya jera ta da kwanon miya, sannan da yarinya a cikin akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta canza ba. Muka gwada da hoton Baffa inda ya ɗaga kai yana kallon wani abu. Muka bi shi da gadon kilishi cike: ga mutum mai alfahari da aikinsa. Muka bi shi da titi babu kowa: ga dattijo yana jiran mai saye bai zo ba, har tausayi ya kama ni. Gaskiyar magana kuwa, a lokacin wani maƙwabci ne ya yi masa sallama.

Abin ya ba ni tsoro fiye da yadda ya burge ni. Baffa ya ba mu fuskarsa bisa amana, mu kuma muna iya sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ba tare da mun ƙara ko kalma ɗaya ba. Na ce da abokan aikina hoton titin nan ba zai biyo bayan fuskarsa ba. Ba su yi musu ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar Matasa, babu aji, gari ya cika da 'yan makaranta masu fareti. Muka wuni a kan kwamfuta. Abu biyu suka zauna mana yau. In za a tashi daga hoton tsaka-tsaki zuwa na kusa, a yanka a tsakiyar motsi, lokacin da hannu ya fara sauka cikin labu, ba bayan ya sauka ba. Ido yana bin hannun, ba ya lura da ɗinkin. Sannan a bar sauti ya riga hoto: tun ana kallon rumfa daga nesa a fara jin wuƙa a kan dutsen wasawa, kafin a nuna ta. Da muka yi haka, mai kallo da kansa yake neman hoton kusa kafin mu ba shi.

Mun kuma gano hular Baffa ta 25 ga Janairu ba ita ce ta 1 ga Fabrairu ba. Ɗaya fara, ɗaya mai ruwan ƙasa. Mun raba su da hoton shanya a tsakani, tunda ai a zahiri ma aikin ba na zama ɗaya ba ne.

Sai gardamar ƙuda. Akwai wani hoton kusa da na ɗauka, ƙuda ɗaya ya sauka a gefen nama, ya cika rabin fuskar kwamfuta. Mai haɗa hoto yana son sa, ya ce gaskiya ce kuma ya yi kyau. Ni na ce hoton kusa yana mai da ƙuda giwa. Wanda ya gani a Yawunde ba zai tuna wuƙa ko labu ba, ƙudan zai tuna, alhali yaron Baffa yana tsaye a kan gadajen nan yana kora tun safe. 'Yar ajinmu ta raba mu: a sa hoton tsaka-tsaki inda ake ganin yaron yana kaɗa reshe a kan shanya. Ba a ɓoye cewa akwai ƙuda ba, kuma an nuna abin da ake yi a kai. Haka muka yi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Haɗin farko ya kammala, minti 2 da daƙiƙa 52. Yanka, shanya, labu, wuta, naɗewa a takarda. Yana tafiya sumul, babu inda ya tsaya. Malam ya kalla ya ce layi bai karye ba, sauti ya zauna. Muka fito muna murna.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na kai wa Baffa ya gani a waya, bayan la'asar, shi da yaronsa da wasu dattawa biyu da suke zama a rumfar. Da hannunsa ya fito ya yi murmushi, ɗaya dattijon ya ce, "Kai, ashe haka kake yi." Da ya ƙare Baffa ya miƙo mini wayar, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Ɗana, ya yi kyau. Amma ina ranar?"

Na ce, "Wace rana, Baffa?"

Ya ce, "A nan na yanka, na juya, har ya bushe. Wanda ya ga wannan zai ce tsire nake yi. Yankan nan da kuka daɗe a kai, shi ne mai sauƙin. Kilishi rana ce ke yin sa, ni jira nake. In hazo ya yi yawa in jira, in damina ta shigo in rasa yadda zan yi. Kun cire jiran."

Na dawo gida ban iya cin abinci da daɗi ba, domin ya yi gaskiya. Shanyar farko a fim ɗinmu daƙiƙa 4 ce. Mun koyi cewa haɗa hoto shi ne cire duk inda babu abin da ke faruwa, muka cire, muna ganin mun ƙware. Ashe a aikin Baffa, inda babu abin da ke faruwa a ido nan ne naman yake zama kilishi. Babu ƙarya a ko hoto ɗaya da muka sa, amma jimillarsu ta faɗi abin da ba haka yake ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na kai wa malam maganar, ina tsammanin zai ƙara mana minti. Bai ƙara ba. Ya ce minti 3 na nan, mu nemo jiran a cikinsu. Ya kawo misalin Mahamat-Saleh Haroun, mai shirya fim ɗan Chadi haifaffen Abeshe, wanda ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010. Ya ce mu lura da yadda yake barin hoto ya daɗe, mutum yana zaune bai ce komai ba, har mai kallo ya fara jin nauyin zaman. Tsawon lokaci a fim, in ji shi, ba a agogo ake auna shi ba, a kan abin da ya gabace shi ake aunawa. Bayan yanka biyar masu sauri, daƙiƙa 15 a tsaye sai ta zama kamar wuni.

Don haka yau muka koma. Na ɗaure wayar a jikin turken rumfa da robar taya, na sa alama a ƙasa da a jikin turken, ban motsa ta ba. Hoto ɗaya, wuri ɗaya, sau huɗu: da safe, da hantsi, da azahar, da la'asar. Gadon kara a gaba, Baffa a gefe a kan kujerarsa. Wayar ta yi zafi da azahar har ta kashe kanta, muka lulluɓe ta da kwali muka jira ta huce. A hoton safe naman ja ne jawur yana sheƙi, inuwar turke ta miƙe doguwa a kansa. Da azahar inuwar ta shige ƙarƙashin gado. Da la'asar ta fito ta ɗaya gefen, naman ya yi duhu, gefensa ya fara nannaɗewa. A na uku Baffa ya tashi, ya taɓa sala ɗaya da bayan yatsa, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya koma ya zauna. Ban ce masa ya yi ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Hotuna huɗun nan sun ci daƙiƙa 38, saboda haka sai an fitar da wani abu. Mun rage naɗewa a takarda, mun rage wuta, bai isa ba. A ƙarshe sai da na yarda aka taɓa hoton da na fi so, salar nama da hasken safiya ya ratso. Daƙiƙa 11 ne, ya koma 4. Mai haɗa hoto ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata.

Tsakanin hotunan jiran ba mu sa wani hoto ya narke cikin na gaba ba, yanka tsaye muka yi, inuwa tana tsalle daga wuri zuwa wuri. A ƙarƙashinsu babu komai sai shirun da 'yar ajinmu ta naɗa, da rediyon Baffa ƙasa-ƙasa, da kiran sallar azahar daga nesa a hoto na uku. Yanzu tsawonsa minti 2 da daƙiƙa 58.

Abin da ya rage: fassarar Faransanci a ƙasan hoto don 'yan ajin da ba sa jin Hausa, ko da yake maganar duka ba ta fi jimla shida ba, rabinta ma gaisuwa ce da Fulatanci. Launin hotunan 25 ga Janairu ya fi na sauran ja, sai an daidaita. Ƙarar jirgin ƙasa da muke so a ƙarshe har yanzu ba mu samu mai tsabta ba, babura suna shiga. Za mu sake gwadawa gobe da yamma daga wani wuri mai nisa da titi. Azumi ya ƙarato, Baffa ya ce in za mu nuna masa mu zo kafin a ga wata, don in an fara ba shi da lokacin zama. Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kai masa.